Ramin Rininka a Takardar Gwamnati

Zuwa ga mahaifina, Malam Hamisu marini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka. Mu lafiya lau muke. Tafkin Madarumfa ya cika bana, har masunta suna ɗaure jiragensu kusa da itacen bedin da kake hutawa a gindinsa.

Baba, 'yarka da kake cewa ba ta iya ƙirga ko awakin gidanmu ba, yau ƙidaya ce aikinta. An ɗauke mu mu zagaya mu rubuta tsofaffin wurare na tarihi da ke neman ɓacewa, don hukuma ta san abin da ya rage. Takardar gida uku gare ta: yana nan, yana lalacewa, ya ɓace. Dokar kuwa guda ce, abin da ido ya gani aka auna aka ɗauki foto, shi kaɗai ake rubutawa.

Shekaranjiya layi ya zo kan marinarku.

Na tsaya a filin da hantsi, na lumshe ido, sai ga ta nan yadda na san ta. Rawuna a shanye suna kaɗawa, warin shuni, ƙarar muciya cikin ruwa. Na gan ka zaune a bakin raminka, hannuwanka shuɗi har gwiwa, kana tsamo zane kore shar, iska tana taɓa shi yana rikiɗewa ya koma shuɗi a kan idona. Da ina ƙarama na ɗauka kai kake rina sararin sama kafin mu tashi daga barci.

Da na buɗe ido, rairayi ne da ledoji da tumakin mutane.

Ƙanenka Baffa Idi ya biyo ni da sandarsa. Ya ji cewa in marinar ta fita daga lissafi za a yanka filin a yi shaguna. "Ɗiyata," in ji shi, "rubuta duk ramukan suna nan. Wa za ya zo daga Yamai ya tona?" Wallahi Baba, zuciyata ta so. Alƙalamin har ya sauka a gidan farko.

Sai na tuna ranar da wata mata ta zo karɓar zanen biki tana sauri, zanen kuwa ya yi kyau a ido. Ka hana ta, ka ce, "Ban cewa ya rinu sai na wanke na shanya na gani." Ta tafi tana faɗa, Inna ma ta yi maka faɗa, kai kuwa ko a jikinka.

Na ari fartanya muka tona. Rami ɗaya muka samu da bangonsa a tsaye, sumul kamar cikin ƙwarya. Kuma ka san na wa? Na Malam Tanko, wanda kuka shekara kuna gardama a kan wa ya fi iya haɗa shuni. Na san da kana nan sai ka yi tsaki, sannan ka yi dariya.

Naka na nema har la'asar. Ruwan damuna ya cinye shi, ba baki ba bango. Ƙasa shuɗiya kawai na damƙo, ita kuwa ba ta da gida a takardar.

Na rubuta na Malam Tanko yana lalacewa. Naka na rubuta ya ɓace, da hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma in aka kama ƙarya ɗaya a lissafina, wa zai yarda da ni in na ce tsofaffin kushewun da ke bakin tafki suna zaizayewa? Ban sani ba ko rami ɗaya zai isa ya tsare filin. Baffa dai bai amsa gaisuwata ba tun ranar.

Shunin ya shige ƙarƙashin faratana. Na yi alwala sau da yawa, bai fita ba, ni ma ban dirje shi ba. Da na ɗaga hannu zan yi maka addu'a jiya, sai na ga hannunka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya tufatar da kai tufafin da ba sa koɗewa. Ya sanyaya zuciyar Baffa a kaina. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Rabi