An hana ni dubiyar aminiyata saboda ni nake wankan gawa a unguwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, a cikin gari kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ni 'yar Madabo ce, a Kabara nake aure, ina koyarwa a wata firamare. Shekarun baya dattawan unguwarmu suka kafa ƙungiyar jana'iza, saboda lungunanmu mota ba ta shiga, in an yi rasuwa sai a yi ta cigiyar masu ɗaukar makara da mai wanka. Suka ce ba mutum ɗai-ɗai za a rubuta ba, gida-gida za a rubuta. Babanmu tela ne, kuma in aka ce masa aikin lada ne to ba ya tsayawa jin ƙarshen zance. Ya je mitin ya dawo yana murna, wai ya rubuta mu kaf. Shi ɗinkin likkafani, yayyena maza ɗaukar makara, Ummanmu da mu mata wanka. Ba wanda ya tambaye ni, ni da nake gidan mijina ma. Ƙanwata ranar farko ta yanke jiki ta faɗi, aka ce ta huta. Ni da ban faɗi ba shi ke nan, na zama mai taurin zuciya.

Da farko buta nake riƙe wa Umma, in miƙa mata ruwan magarya. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya tsugunno, sai dai ta zauna a gefe tana faɗa min abin da zan yi, aiki ya dawo kaina gaba ɗaya. Ina tsakiyar aji waya za ta yi ƙara, in ajiye alli in ɗauki hijabi, hedimasta har ya daina tambayata ina zuwa. Maigidana bai taɓa hana ni ba, Allah ya saka masa, amma na lura duk ranar da na yi wanka ba ya cin tuwon da na tuƙa, sai ya ce a ƙoshe yake. A gidan biki kuwa in na ɗan daɗe ina kallon mutum sai a hau tsokana, "Kai Malama, Allah ya sa ba auna ni kike ba." A yi dariya, ni ma in yi, in dawo gida abin yana cina.

Duk wannan na haɗiye, na san ladan da ke ciki. Abin da ya karya ni shi ne maganar aminiyata, bari in ce da ita Rabi ko da yake ba sunanta ba ne. Tare muka yi Islamiyya, ita ce babbar ƙawa a bikina. An yi mata tiyata an sallamo ta gidan iyayenta a Shahuci, jikin kuma ya ƙi daɗi. Na dama kunun gyaɗa irin wanda take so, na zuba a fulas na tafi dubiya. Hajiyarsu ta tare ni a soro. Matar da tun ina ƙarama 'yata take ce min, ranar sai ta karɓi fulas ta ce, "An gode Malama, amma da sauran numfashinta, ba mu aika ba tukuna." Wallahi ban san yadda ƙafata ta kai ni titi ba. Na sake komawa bayan kwana uku aka ce barci take, alhali ina jiyo tarinta daga ɗaki. Daga baya ƙanwar Rabi ta faɗa min a ɓoye, wai an kai wa Hajiya labarin marasa lafiya biyu da na duba ba su yi sati ba suka rasu. Astagfirullah, sai ka ce ni nake ɗaukar rai!

Na samu Baba na ce a cire sunana daga ƙungiya, ina so in koma mace kamar kowa. Ya yi ta faɗa, ya ce canfi ne da jahilci, sunan gida aka rubuta ba nawa ba, so nake a tashi a mitin a ce gidan wane sun gaza? Umma ba ta yi faɗa ba, ita tambayata kawai ta yi, in na bari wa zai rufa wa matan unguwar nan asiri a ranarsu ta ƙarshe, tun da 'yan matan yanzu ba mai son koya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Babban yayanmu kuma ya ce ko na fita aikin banza ne, suna ya riga ya bi ni. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Shekaranjiya da hantsi Rabi ta kira ni, muryarta da ƙyar take fita. Ashe ba ta ma san na zo ba. Ta ce kowa ya zo ya gan ta ban da ni, me ta yi min na guje ta? Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na tuna Hajiyar nan ita ke kwantar da ita ita ke tayar da ita, ya zan haɗa marar lafiya da uwar da ke jinyarta? Na ce mata aiki ne ya yi min yawa. Ta ce, "To, Allah ya bar zumunci," ta kashe wayar.

Jama'a ya zan yi? In saɓa wa iyayena in fita daga ƙungiyar ko Hajiya za ta sauko? In faɗa wa Rabi gaskiya, ko in rufe ido in kutsa ɗakin, in wani abu ya faru a ce ni ce? Don na sani, in ta Allah ta kasance ni ɗin dai za su nema, su buɗe min har ƙuryar ɗaki, kuma zan je. Ni so nake in shiga tun tana iya amsa sallamata.