Gawayin da ke Ƙarƙashin Turke

Litinin, 3 ga Maris

Yau na ga abin da shekara talatin da huɗu a ofishin safiyo ba su nuna mini ba. Da hantsi shugabanmu, wanda muke kira Mai Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki, ya ce in ɗauko taswira in bi su hurumin kiwo na gwamnati. Wai makiyaya sun tsallaka iyaka sun shiga yankin da aka yanka wa wani kamfani. Mijin 'yata ne direban motar. Duk hanya bai kalle ni ba.

Kafin mu isa, masu gadin daji sun fara harbi. Shanu na faɗuwa kamar ana kakkaɓe ƙanya. Wata farar saniya, harsashi ya fasa mata ciki, tana tafe tana taka hanjinta. Na ƙirga arba'in da ɗaya na daina.

Sai ga Kurma ya fito daga cikin ƙaya yana kora maruƙa. Kowa a nan ya san shi, ko tsawa aka yi a kansa sai dai ya ga walƙiya. Suka yi masa ihu ya tsaya, sau uku. Ya ba su baya, yana ta harkar maruƙansa. Suka harbe shi tsakanin kafaɗu. Ya faɗi rub da ciki, sandarsa na hannu.

Na ce, ai kurma ne. Wani mai gadi ya ce, "To yanzu ya ji."

Turken iyaka mai lamba goma sha bakwai na nan kusa da gawar, a gindin suri. Ni na kafa shi da hannuna ina saurayi. Ban tuna da wani suri ba.

Laraba, 5 ga Maris

Mai Turare ya miƙo takarda: shaidar cewa garken yana cikin filin kamfani lokacin da aka yi harbin. "Baba, kai ne idon ofishin nan, sa hannu kawai." Na lalube aljihu na ce na bar tabarau a gida. Ya ce zai karanta mini. Na ce kakata ta hana ni saye da kunne abin da ido bai taya ba. Ya yi dariya da haƙora kaɗai.

Tabarau na cikin hula.

Alhamis, 6 ga Maris

Tsohuwa, wato matata, ta dafa nama. Ban iya ci ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ɗauki fartanyar Tsohuwa na hau keke zuwa hurumi da rana tsaka. Ungulaye sun ƙoshi har ba su tashi in ka matso.

Maigidan da ya koya mini awo, Allah ya jiƙansa, yana da ɗabi'a. Kafin a kafa turken siminti sai an zuba gawayi da fasassun kwalabe a gindin ramin. Yakan ce turke yana da ƙafa in dai akwai mai kwaɗayi a gari, amma gawayi ba ya ruɓewa, ba ya kuma tafiya. Yaran yanzu da na'urar da ke hira da tauraron ɗan adam ba su san wannan ba, don babu shi a littafi.

Na tona gindin sha bakwai: ƙasa ce zalla. Na koma ta gabas da taki, ina haki kamar tsohon jaki, har gindin wata tsamiya da na tuna. Taki ɗari huɗu da goma. Na tona kamu biyu sai fartanya ta ce ƙaras. Koriyar kwalba, da gawayi baƙi ƙirin kamar jiya na zuba.

Ashe a kan haƙƙinsa Kurma ya mutu. Turken ne ya yi tattaki ya same shi.

Talata, 11 ga Maris

Na kira surukin nawa zaure. Ban gama tambaya ba ya durƙusa. Shi ya tuƙa motar, shi da masu gadi huɗu suka tuge turaku ashirin da uku suka matsar, da umarnin Mai Turare. "Baba, an ce mini gyaran kuskure ne." Na ce kuskuren da yake gyaruwa ta gefe guda kullum?

'Yata ta shigo da goyo. "Baba, ka rufa mana asiri, 'ya'yana uku." Tsohuwa daga tsakar gida ta ɗaga murya: "Malam, shekara talatin kana kallon ƙasa, sai yau da haƙoranka suka fara zuba za ka yi cizo?"

Tana da gaskiya. Abin haushin ke nan da ita.

Juma'a, 14 ga Maris

Tsuntsun da ya ja ruwa. Dangin Kurma sun afka wa rumfar masu gadi jiya da la'asar, suka cinna mata wuta, suka sare wa ɗaya hannu daga gwiwa. Ba ma shi ya yi harbin ba, sabon ɗauka ne. Yau da safe masu gadi suka rama: sun ƙone bukkoki goma sha ɗaya, sun jefa matattun tumaki a rijiya. Sun kamo yayan Kurma, wanda yake asibiti wajen matarsa sa'ad da aka ƙona rumfar, suka ɗaure shi a bayan mota suka ja shi ta gaban ofishinmu. Fatar bayansa ta saura a kan kwalta. Na gani ta taga. Masinja ya rufe labule don kada ƙura ta ɓata fayil.

Za su gurfanar da shi kan shiga filin da ba nasu ba da kuma tada fitina. In aka tabbatar da na farko, na biyu ya zauna daram. Takardar da ke jiran hannuna ita ce igiyar.

Litinin, 17 ga Maris

Na rubuta wa hukumar karɓar ƙorafi a babban birni. Shafi huɗu. Sau biyu ina rubutawa babu sunan surukina, sau biyu ina karantawa in ga tatsuniya ce: tsoho ya ce turke ya yi tafiya, wa ya ɗauke shi, oho. Na uku na sa sunan. Alƙalamin ya huda takardar a wurin.

Wuri ɗaya kawai na ambata inda gawayi yake, gindin tsamiya. Kakata takan ce in za ka nuna wa kura rumbu, nuna mata wanda ka riga ka kwashe.

Alhamis, 20 ga Maris

Hukumar, Allah ya yi mata albarka, ta aiko wa Mai Turare kwafen takardata don ya yi bayani. An kai ƙarar kura, an ba kura ta karanta.

Ina fitowa daga ofis da azahar, mutum uku suka tare ni a lungun masu walda. Gindin bindiga a baki, takalmi a haƙarƙari. Ɗaya ya taka hannun damana yana murzawa, yana cewa, "Da wannan ka rubuta, tsoho?" Masu walda suka ci gaba da walda. Haƙora biyu sun tafi. Da ma zaman haya suke yi.

Da hagu nake wannan rubutun, shi ya sa ya yi kama da sawun kaza. Tsohuwa na gasa mini jiki tana zagina tana kuka. 'Yata ba ta zo ba.

Laraba, 26 ga Maris

Masu bincike biyu sun zo, mace da namiji, takalmansu ba na daji ba. Muka je gindin tsamiya. An riga an yashe ramin tas, har an share. Mai Turare ya tausaya mini a gabansu: "Tsufa ne, ranki ya daɗe. Mun daɗe muna haƙuri da shi."

Na ce haka ne, tsufa ne, a taimaki tsoho a auna masa taki ɗari huɗu da goma gabas da turke na sha takwas. Matar ta dube ni, ta karɓi fartanya da kanta. Ƙaras. Muka je sha tara. Ƙaras. Ashirin, ashirin da ɗaya. A na shida ta daina tona, ta zauna a kan turke tana rubutu, hannunta baƙi da gawayi.

Yau dai zufa ta fi ƙarfin turare.

Laraba, 2 ga Afrilu

An saki yayan Kurma. A kan tabarma aka fito da shi, ƙafa ɗaya ba za ta ƙara takawa ba. Za a mayar da turaku. Wanda ya yi harbi an ce ana nemansa, alhali kullum yana shan shayi a bakin tasha. Mai Turare an yi masa canjin wurin aiki, ofis mai na'urar sanyaya ɗaki.

Mutum ɗaya aka kulle: direba.

'Yata ta dawo gida da yara da buhun kaya. Takan ajiye mini abinci a bakin ƙofa kamar ana ba kare.

Talata, 8 ga Afrilu

Hannun dama ya fara riƙe alƙalami. Na zauna a inuwar zaure ina gwada shi kawai, ba wani abu ba. Sai na ga na rubuta adireshin hukumar, da sunan Mai Turare cikakke, da tambayar wa ya sa hannu a takardar fitar da mota ranar da aka tuge turaku. Ina karantawa a bayyane don in ji ko ya yi daidai, na ce ranar Lahadi, sha shida ga Fabrairu.

Daga bayan labule 'yata ta ce, "Asabar ce. Sha biyar. Ni na wanke masa kayan, duk siminti."

Maganarta ta farko gare ni cikin kwana ashirin da takwas. Ba ta ce Baba ba. Na gyara kwanan watan, na tambaye ta ko za ta faɗi haka a gaban matar nan mai bincike. Ba ta dai bar bayan labulen ba.

Na aika a sayo mini takardu, fakiti guda. Sun fi araha a haka, shi ke nan dalili.