Takin Tantabara a Ɗakin Ma'u

Zariya, 6 ga Oktoba

Yaya Ɗalha,

An sallami matarka Anti Ma'u daga asibiti jiya Talata, tana nan gidana. Na sa wannan gaba da gaisuwa don na san shi kake jira. Assalamu alaikum, ina yara da mutanen Birnin Gwari? Tunda har yanzu babu sabis ɗin waya a wajenku, zan riƙa aiko takarda ta hannun Suhaibu direba.

Ga abin da aka gano. Ciwon kan da ya kwantar da ita wata biyu, wani irin yis ne ya jawo shi, ɗan uwan wanda ake sa wa burodi. Ana shaƙarsa cikin ƙura, ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ciwon gwiwa da ta daɗe tana saye a kemis sun raunana garkuwar jikinta, shi ya sa ya samu hanya.

Yawancin irin waɗannan halittu ba sa iya rayuwa a zafin jikin mutum. Wannan yana iyawa, kuma dalilin hakan ne muke bincike a ɗakin gwajinmu. A cikinsa akwai wasu sinadarai biyu da ake kira furotin, da ke kama juna idan zafi ya tashi. Ka ɗauke su kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya: idan aka raba su, aiki ya tsaya. Yis ɗin zai rayu a sanyin ɗaki, amma ba zai ƙara girma a jikin mutum ba.

Likita ya ce kada ta koma inda ta shaƙe shi. An fi samunsa a busasshen kashin tantabara. Ka ɗebo mini kaɗan daga ɗakin tantabarun Baba a wannan kwalbar.

Ƙanwarka,
Rukayya

Birnin Gwari, 10 ga Oktoba

Rukayya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Na karanta takardarki a tsaye a tasha, na sake karantawa a gida, na karanta wa yara, Sadiq har da tsalle. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Baba da ya dage sai kin yi karatu. Ranar da muka ɗauko ta a bayan mota, ba ta gane ni ba, wallahi ban zaci za ta sake kiran sunana ba.

Maganar shanunki na gane. Wato ku aikinku kwance karkiya. To, Allah ya ba da sa'a.

Ga kwalba nan. Ki duba da kyau, don surukata ta rantse 'yarta ba za ta sake kwana a gidan nan ba sai na yanka tantabarun duka. Shekara talatin suna gidan nan, tun Baba na da rai, ba su taɓa sa wa kowa ko mura ba. Amma idan su ne, a ranar zan sa wuƙa.

Ki gaida mini ita. Ki ce tuwon da nake tuƙawa ko kaji sun ƙi.

Yayanki,
Ɗalha

Zariya, 19 ga Oktoba

Yaya Ɗalha,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mun shuka abin da ka aiko a faranti huɗu, biyu a zafin ɗaki, biyu a digiri talatin da bakwai, wato zafin jikin mutum. Kwana bakwai, babu abin da ya tsiro. Gaskiya abin ya ɗan ba ni mamaki, don ko yis na banza, wanda ba ya cutarwa, bai fito ba.

Likita ya yarda ta koma ranar Asabar mai zuwa, za ta ci gaba da shan magani a gida. Ta riga ta ɗaure kaya. Ta ce in gaya maka, "Ai dama kajin sun fi shi hankali." Ta kuma ce a zuba wa attaruhunta ruwa.

Rukayya

Birnin Gwari, 21 ga Oktoba

Rukayya,

Sallama da godiya mai yawa. Na kai wa surukata takardarki da kaina, ta ce to, ta ji. Tantabaru sun tsira, ni ma na tsira.

Kada mamaki ya kama ki. Kin san ba zan aika ƙazanta wurin aikinki ba, a gaban abokan aikinki a ce ga abin da yayan Rukayya ya aiko. Sai da na jiƙa ɗakin tantabarun, na kankare shi, na wanke da ruwan zafi da omo, na barbaɗa toka, sannan na ɗebo miki daga wuri mai tsabta.

Gida ya shirya. Na sa an share ɗakinta, an wanke labule. Buhunan takinta uku kawai na hana a taɓa, suna nan bayan gado inda ta ajiye su don kada damina ta jiƙa su. Kin san halinta da takin nan. Duk rani take tara kashin tantabarun, ta shanya, ta daka a turmi, ta tankaɗe ya yi laushi kamar garin tuwo, ta ce attaruhu ya fi son sa haka. Wani manomi daga Kuyello ya roƙe ni buhu ɗaya, na ce sai mai shi ta dawo.

Sai Asabar in Allah ya kai mu.

Ɗalha

Zariya, 22 ga Oktoba

Yaya,

Salam. Anti ba za ta zo gobe ba. Toka ka aiko mini, shi ya sa babu abin da ya tsiro. Laifina ne da ban ce maka ƙazantar nake so ba.

Ka fitar da yara daga ɗakinta yanzu. Ka ɗaure hanci da baki, ka buɗe buhu ɗaya a hankali, ka cika wannan kwalbar. Sauran ka jiƙa su sharkaf kafin ka ɗaga, ka binne a bayan gari. Kada a share ɗakin da tsintsiya, a wanke shi da ruwa da bilic. Turmin da rariyar ma su tafi.

Na tambaye ta, ta ce, "Taki ne fa, wa zai tuna ya gaya wa likita taki?"

Rukayya

Zariya, 2 ga Nuwamba

Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Yis ɗin ya tsiro daga takin a kwana uku, a zafin jikin mutum. Da muka sa maganin da ke raba furotin biyun, ya daina girma a zafin, kamar yadda wanda aka samu a jikinta ya yi.

Na gode da yawan surutunka. Da ka rubuta gajeriyar takarda irin tawa, da yau kwananta goma kusa da buhunan nan.

Suhaibu ya ce ka binne su, ka kuma mayar da tantabarun gona. Anti ta yi kukan takinta kaɗan, sannan ta yi maka addu'a mai tsawo.

Mun aika samfuran biyu, na jikinta da na takin, Legas a tabbatar ko iri ɗaya ne. Likita ya ce ta jira amsar kafin ta hau mota. Sun ce ranar Alhamis.

Ƙanwarka,
Rukayya