Addu'ar da Kike Yi Mini, Mama

Gothenburg, 9 ga Janairu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar? Yaya 'yar'uwata Hrefna da yaranta, da kowa a Husavik?

Ni da sauƙi. Wankin ƙoda sau uku a mako, kamar kullum. Matakalar bene ce kawai sai na huta sau biyu. Ƙyafaffen naman ragon da kika aiko ya iso, na gode. An hana ni gishiri, don haka na shinshina na ba maƙwabta.

Ki ce wa Hrefna ta riƙe ƙodarta tukuna. Likita ya ce sai an samu zuciya, a dasa mini ita da ƙodar tare, daga mutum ɗaya. Kuma ku daina kiran wannan layin, don Allah, ta nan asibiti za su kira ni in an samu. Duk ƙarar waya sai na zabura na ɗauki jaka.

Bosse, dattijon da ke kujerar kusa da tawa a wurin wanki, in ya ga ƙanƙara ta rufe titi sai ya ce, "Torfi, gyara jakarka, yau 'yan gudu da mota za su yi mana kyautar zuciya da ƙoda." Nakan zage shi, sannan in leƙa taga. Shekararsa uku yana jira. Ranar Talata wata mata na tarar a kujerarsa. Ya rasu bai samu ba.

Kin ce duk Lahadi kina roƙon Allah ya kawo mini zuciya da wuri. Mama, zuciyar nan yanzu haka tana ƙirjin ɗan wata, yana yawonsa lafiya lau. Ban ce ki daina ba, ina so in rayu. Amma ki riƙa sa uwarsa a ciki.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Torfi