Layin da Ka Jera da Hannunka

Zuwa ga yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da ladabin da ya kamaci ƙanwa ga wanta. Idan ka tambayi lafiyarmu, ina nan unguwar Abakpa ta Inugu a ɗakin da ka bar ni, keken ɗinkina bai tsaya ba, Mama kuma ta aiko daga gida cewa ƙafar ta yi sauƙi. Bayan haka, Yaya, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce. A fili na rubuta ta, domin duk wanda ya san ka ya karanta.

Ran Asabar na koma ɗakin karatun nan na cikin gari. Tun da muka binne ka ban taka ƙofarsa ba. Ko kasuwa za ni, tsallaka titi nake yi don kada in bi ta gabansa.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni? Lokacin Bature bai tafi ba, ni kuma ban daɗe da zuwa Inugu daga ƙauyenmu na kudancin Zariya ba. Ka sa farar rigarka ta zuwa sujada. Muka wuce masu karatun jarida, ka ja ni can ƙurya inda babu kowa sai kantocin littattafan gwamnati: gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da aka ɗinke shekara-shekara, dokoki, rahoton asibiti, rahoton haƙar kwal. Ka shafa bayansu kamar mai shafa kan ɗansa, ka ce, "Saratu, babu harafi a nan da bai bi ta yatsun irinmu ba."

Aikinka ke nan a maɗaba'ar da ke buga wa gwamnati takardu. Kana tsaye tun safe kana tsintar haruffan darma ɗaya bayan ɗaya, kana jera su a juye. Yatsunka sun yi baƙin da sabulu bai taɓa fitarwa ba. Da takardun gwaji da aka zubar ka koya mini Turanci. 'Yan mata tsarana sun koyi karatu da tatsuniya, ni kuwa da dokar tsabtar kasuwa da ta lasin keke. Matan gidanmu na haya har dariya suke yi in na fara.

Ka yarda da takardun nan, Yaya, yarda irin wadda ba ka yi wa mutum ba. Kakan ce, "Abin da gwamnati ta buga, rantsuwa ce ta yi." Ni ma na yarda, don kai ka faɗa.

Sai mulkin kai ya matso. Aka fara cewa kowace jiha ta riƙe 'ya'yanta, aikin Gabas na 'yan Gabas ne. Abokan aikinka, waɗanda kuke cin akpu, tuwon rogonsu, a kwano ɗaya, kana jin Ibo kamar su, suka riƙa sunkuyar da kai in ka shigo. Ba su suka yanke ba, na sani. Daga sama abin ya sauko, a rubuce, aka miƙo shi ɗakinku don a buga. Sunayen waɗanda aka sallama ne. Kuma a teburinka ya faɗo.

Ka jera shi. Ka tsinci haruffan sunanka da hannunka, ka sa su a layi, ka ɗaure, ka miƙa wa mai inji. Da ka dawo gida da yamma na zuba maka tuwo, ka zauna kana kallonsa har ya huce. Abin da kawai ka ce shi ne, "Ban bar kuskure ko ɗaya ba." Wallahi, Yaya, da ka zagi wani a ranar, da na fi samun sauƙi.

Ka hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna da takardar shaidarka a aljihu, kana cewa ai gida ba ya ƙin nasa. Can aka ce ka daɗe a Gabas, takardunka na can ne, ka dawo wata mai zuwa. Ka yi ta komawa har takalminka ya ɓule. A nan kai ɗan Arewa ne, a can kuma ba a san ka ba.

Da ka dawo Gabas neman abin yi, wanda ya karɓe ka shi ne Alhaji Garba mai albasa, na Kasuwar Ose a Anaca, wanda tun kakansa suke garin. Bai tambayi addininka ba, bai nemi takarda ba. Ya ji Hausarka, ya ce, "Ɗan gida ne, a ba shi wuri." Hannun da ya jera dokokin ƙasa ya koma tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu. Ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba. Amma tarin nan da ka kwaso daga ɗakin darma, ƙurar barkonon kasuwa ta ƙarasa shi.

Ranar da aka sauke tutar Bature, gari ya cika da kiɗa. Kai kana kwance kan tabarma a ɗakin kwano bayan kasuwa, zafi kamar tanda, ni kuma na zo daga Inugu jinyarka, ina yi maka fifita da mafici. Ka ce in buɗe ƙofa ka ji gangunan. Har murmushi ka yi. Ni ban yi ba.

To, ka san abin da na tarar ran Asabar? Littattafanka suna nan lafiya lau. An sa su a kabad mai gilashi. Fanka tana juyawa a kansu. An zuba musu kafur, an tsoma ƙafafun kabad ɗin cikin gwangwanayen kananzir don kada gara ta hau. Takarda ta samu fanka, Yaya.

Ma'aikaciyar wurin mace ce mai kirki. Na faɗa mata shekarar da aka sallame ka, ta ɗauko mabuɗi, ta kawo mini kundin gazet ɗin da hannu biyu. Ta ce tun da aka ajiye shi ba wanda ya taɓa neman sa. Shafukan ma sun manne da juna. Na bi a hankali har na iske ka. Layi ɗaya, miƙaƙƙe, tsaf, ba harafin da ya karkace. Iyakar abin da gwamnati ta san ka da shi ke nan, bayan ƙuruciyarka duka da ka ba ta.

Ban san hawaye ya zubo ba sai da ya ɗiga a shafin. Matar ta zabura, ta ciro takardar shan tawada ta danna a wurin, tana roƙona in ɗan ja da baya kada littafin ya lalace. Ba ta da laifi, aikinta ne. Na ja da baya.

Akwai abin da ba a buga ba, kuma ba ka gani ba, bari in gaya maka. Ranar jana'izarka 'yan albasa suka rufe rumfunansu. Su suka ɗauko ka a kafaɗa har ƙofar maƙabartar coci, suka tsaya a waje cikin rana da hulunansu har fasto ya gama. Alhaji Garba ya riƙa share ido da hannun riga. Har yau in motarsa ta biyo ta nan, sai an sauke mini albasa a ƙofa.

Ina kewarka, ɗan uwana. Ina kewar tarinka ma, wanda da shi nake gane ka shigo layinmu. Ban yafe musu ba tukuna. Fasto ya ce in yi ƙoƙari, ina kuwa yi, amma ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah ya ba ƙirjinka iskar da duniya ta hana shi. Ya saka wa Alhaji da mutanensa da alheri. Ya sa inda kake ba a tambayar mutum jihar da ya fito kafin a ba shi wurin zama. Amin.

Ni ce ƙanwarka,
Saratu