Ƙafar Auta ta Hagu

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin can bai tayar miki da shi ba. Mu nan sai godiya. Ƙanwarki ta koma koyarwa, kanti kuma yana nan yadda kika san shi: mutum ya shigo ya karanta rabin littafi a tsaye, ya yi mini godiya, ya fita.

Maganar ɗanki Auta ce ta sa na ɗauki biro maimakon waya, don in na ji muryarki ba zan iya kai labarin ƙarshe ba. Yana raye, yana cin abinci. Amma ki nemi wuri ki zauna.

Kin san tun da aka ɗauke shi makarantar horar da hafsoshin soja gidan nan ya koma bariki. Maƙwabcinmu Kofur, tsohon sojan nan mai gyaran rediyo, ya naɗa kansa kwamanda. Shi ya ce mana sabon takalmi ya fi harsashi kayar da sabon shiga, lallai a tausasa shi kafin yaro ya tafi da shi. Auta ba ya zama, daga gudun safe sai awon asibiti, ni kuwa na lura ƙafarmu ɗaya. Sai na ce ni zan ɗauke masa wannan wahalar. Haka na yi makonni ina sayar da littattafai cikin takalman soja, yaran unguwa na ƙame mini, masu shigowa kanti na rage murya. Gaskiya na ji daɗin abin. Duk karatun da na yi a duniya, babu littafin da ya gaya mini cewa fata tana koyon ƙafar wanda ya fara sa ta. Ke kuma kin san ƙafata ta hagu, tun faɗowar da na yi daga bishiya ina yaro a gefe take takawa. Takalmin ya ɗauki karkatata tsaf, muka naɗe shi a jaka, muka raka yaro da addu'a.

Da farko ba waya, ba ziyara. Duk motar soja da ta tsaya a layinmu sai ƙanwarki ta dafa bango. Ni kuma in yi mata dariya, sannan in shiga ɗaki in duba taga.

Ranar ziyara aka fito mana da su a jere, an aske su ƙwal, duk sun rame sun yi baƙi, kamar uwa ɗaya ta haife su. Uwarsa ta kasa gane nata. Ni na gane shi tun daga nesa, domin a cikin yaran nan duka ɗaya ne yake tafiya irin tawa. Da muka zauna a inuwa, a bakin benci ya ɗosana, bayansa a miƙe, ya cinye abin da muka kawo kamar ana binsa. Sau biyu yana ce mini yallaɓai. Uwarsa tana ta shafa masa kai tana cewa jikinsa da zafi, yana cewa rana ce. Ni wari nake ji, ba kuma na gumi ba.

Na ja shi bayan tankin ruwa na ce ya cire takalmin hagu. Yaya, safar ta manne. Diddigen ya yi rami, yana ruwa, idon sawun ya kumbura, ga wani jan layi ya taso daga nan yana hawa sha-raɓa. Ashe man goge baki yake shafawa, wai haka na gaba da su suka koya musu. Da ma ban taɓa karanta littafin likitanci ba, da na ce masa sannu kawai na tafi gida na yi barci. Amma na san inda irin wannan layin yake nufa.

Ya gaya mini a makon nan za su yi doguwar tafiyar ƙafa da kaya a baya, wadda duk wanda bai yi ba sai an zauna a kansa, ko a mayar da shi ajin baya ko a sallame shi. Ya ce wanda ya kai kansa asibiti, sunan rago zai bi shi har ya bar aiki. Bai ce uffan a kan takalmin ba, ko da wasa. Ya mayar da safarsa yana cije leɓe, ya ɗaure igiya, sannan ya dube ni ya ce, "Baba, in ka faɗa musu ka gama da ni."

Na ce masa na ji. Muka yi sallama. Da muka kai bakin ƙofa na ce wa uwarsa na manta abu, na juya na nufi asibitinsu. Likitar mace ce, mai muƙamin manjo, ta saurare ni ba ta ɗago kai ba har sai da na ambaci layin. Nan take ta aika a kira shi. Ya shigo yana taku, ya ƙame mata, ni ko kallo ban samu ba. Ta duba, ta ce a ba shi gado yanzu. Na tambaye ta ƙafar fa, ta ce za a gani. Ban taɓa jin tsoron magana kamar wannan ba.

Yau 'yan ajinsu sun tafi tafiyar ba shi. Zazzaɓin ya ɗan sauka, layin ya tsaya, amma bai koma ba. Ba su zauna a kan makomarsa ba tukuna. Yana amsa wayar uwarsa. Ni kuwa ya ce wa ma'aikaciyar jinya duk lokacin da na kira a ce yana barci, kuma yaron nan bai taɓa samun barci haka ba tun da aka haife shi.

Ga abin da nake roƙo. Ma'aikaciyar ta gaya wa ƙanwarki cewa tun jiya yake tambayar inda aka ajiye masa takalmansa, yana cewa ya warke a sallame shi. Ke kika goye shi, maganarki kaɗai yake ji ba musu. Za a haɗa ki da shi ta wayar asibitin. Kada ki ɓata bakinki wajen wanke ni. Ki dai ce masa ya kwanta, ya sha magani, kada ya sauko daga gadon nan sai likita ta ce. In ya so ya yi fushi da ni har tsufansa, zan ɗauka, in dai a kan ƙafa biyu zai yi shi.

Ki gaida maigidanki, da babbar 'yarki da jaririnta, da takwarana sarkin ƙiriniya. Ƙanwarki tana gaishe ki, ta ce ki sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Mai Tabarau