Ajinmu Ɗaya da Kyalla

Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, gaisuwar da ta kamaci uwa, ko da yake na san inda kike ba a amsa sallama da baki. Ina fatan kin samu makwanci mai yalwa da sanyi. Autarki ce daga Batsari, daga ɗakin hayar nan da kika ce ko kaza ta shiga sai dai ta fito da baya.

Na sauka, Inna. Mace ce. An sa mata sunanki, don haka Ummi muke ce mata. Ta ɗauko goshinki da dogayen yatsunki. Abin da ya zaunar da ni rubuta miki kuwa shi ne nonona ya ƙi zuwa, yarinyar kuma tana ramewa a hannuna.

Kin tuna hutun da na dawo daga makarantar kwana ina ta zuba miki karatu? Kina tatsar Kyalla, jar akuyarki mai farar ɗamara a ciki, ni kuma na tsaya a kanki kamar alƙali. Na ce an koya mana rukunin dabbobi masu shayarwa: suna da gashi a jiki, jininsu ɗumi gare shi ko ana sanyi ko ana zafi, da huhu suke numfashi, kuma uwa nono take ba ɗanta. Na ce jemage ba tsuntsu ba ne, tunda jemagiya shayarwa take yi. Ƙayar bushiya ma gashi ne da ya taurare. Ayu yana cikin ruwa amma ba kifi ba ne. Sai na ƙarasa da wanda na san zai tayar miki da hankali, na ce mutum ma a cikinsu yake.

Ba ki ɗago ba. Kika ce, "To madalla. Ashe ni da Kyalla ajinmu ɗaya. Wa ya zo na ɗaya a cikinmu?"

Daga ranar ba ki bar ni na huta ba. In ɓera ya ɓarnata miki gero sai ki ce in je in yi wa ɗan ajinmu magana. In jakin Kawu ya yi kuka ki ce ga wani yana kiran Auta su tafi makaranta. Da na ba ki labarin wata dabba ta can wata ƙasa mai baki irin na agwagwa, wadda take yin ƙwai kuma ta shayar, kika ce wannan ba ta yanke shawara ba tukuna. Mai jaka a ciki kuwa, wadda take haifar ɗa tsirit ta saka shi a jakar ya ƙarasa nuna, ita kika yaba, kika ce ta huta da sayen zanen goyo.

Yanzu abin da nake koyarwa ke nan a makarantar 'yan mata. Nakan raba allo gida uku: masu ƙwai, masu jaka, da masu mabiyiya, wato waɗanda ɗansu yake zama a ciki har ya cika. A gida na uku nake zuba kusan kowa, masu kofato, masu cin nama, masu gaigaya irin su gafiya da kurege, birai, sannan mu. Nakan tambayi yara me ya haɗa su duka, su amsa baki ɗaya: nono. Shekara da shekaru ina jin amsar nan, ban taɓa zaton za ta zame mini tuhuma ba.

A gida ya kamata in yi wannan jegon, haihuwar fari ce. Tun ina amarya kike tanadin itacen tafasa ruwa a bayan rumbu, kina cewa ba za a ce 'yarki ta yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba. Sai ƙauyenmu na gefen Runka ya watse saboda 'yan bindiga. Kika zo mini a bayan babur da ƙullin kaya ɗaya da jikar Kyalla a cinyarki, ita ma Kyalla kike ce mata. Kin bar itacen a can, da tukunyar, da rumbun. Ba ki yi daminar nan da mu ba har ƙarshe. Cikin ma bai fito ba kika tafi.

Ban yi kukanki ba, Inna. Ba taurin zuciya ba ne. Lokacin kowa kunnensa na waje, in babur ya wuce da gudu sai gaba ya faɗi, kuma aka ce mai ciki ba ta yawan kuka. Na haɗiye, na koma aji.

Baban Ummi ya zo suna, ya koma kudu da motar da yake tuƙawa, don aikin ba ya jira. Baƙi suka watse. Aka bar ni da yarinya da akuya. Ina sa ta a nono ta ja, ta ja, ta saki ta tsala kuka, har kukan ya koma ƙarami, shi ne ya fi ba ni tsoro. Malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta dube ni, ta ce in ci gaba da sa ta, in ci abinci, in kwantar da hankalina, kada kuma in ba ta nonon akuya tana wannan ƙanƙantar. Na ce to. Sai dai ba ta faɗa mini inda ake samo kwanciyar hankalin ba.

Kyalla kuwa tagwaye ta haifa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon su suna tunkuɗar hantsarta, wutsiyoyinsu na rawa, kumfa a bakinsu. Ban taɓa tsammanin zan yi kishi da akuya ba, amma na yi. Ga amsar tambayarki, Inna: ita ta zo na ɗaya.

An ce mai uwa a bakin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ni gaya nake ci, sai da Allah ya jefo mini Iya Delu, matar mahaucin da muke katanga ɗaya. Ta jiyo kukan ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ita ke tafasa mini ruwa yanzu, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini, ta dama kunun kanwa, mijinta ya aiko da ƙauri. Ruwanta da zafi, ba laifi, amma hannunta ba naki ba ne.

Ita ce ta kawo maganar surukarta Saratu, mai goyon namiji. Na kwana biyu ina juya maganar. Na san hukuncin, in Ummi ta sha ta ƙoshi kamar yadda shari'a ta faɗa, ta zama 'yar Saratu, yaron ya zama ɗan'uwanta har abada. Ba wannan ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yata ta fara sanin ƙoshi a ƙirjin wata. Amma ciki ba ya jiran girman kan uwa. Na miƙa ta. Na ga yadda ta kama, na ji tana haɗiya, ta yi barci da baki a buɗe. Na yi wa Saratu godiya da gaske, sannan na shiga ɗaki na juya wa ƙofa baya.

Jiya da hantsi, bayan wanka, Iya Delu ta zaunar da ni tana murza mini baya da man shanu. Can sai ta ce wai a garinsu ko saniya in ta firgita riƙe nononta take yi. Sai na gan ki, Inna, tsugune gefen Kyalla ta farko ranar da kare ya kore ta, kina shafa mata ciki da ruwan ɗumi, kina cewa, "Saki, 'yar nan, ba kowa. Ina nan." Ni ma na san wannan, yana cikin abin da nake koya wa yara, cewa tsoro yana hana nono sauka. Ban dai taɓa kawo kaina a ciki ba.

Kukan da na ajiye tun damina ya ƙwace mini. Na yi shi har da majina, ina kiran ki kamar yarinyar da aka bari a kasuwa. Iya Delu ba ta ce in yi haƙuri ba, ta ci gaba da murzawa. Ina cikin haka na ji ƙirjina ya yi nauyi yana tsikari, na duba, gaban zanena ya jiƙe.

Ba shi da yawa. Ummi ta sha ba ta ƙoshi ba, da yamma sai da aka kai ta wurin Saratu ta ƙara. Amma ta haɗiya a jikina, na ji da kunnena. Na ɗago da sauri na waiwaya dama, inda kike zama, don in ce miki ki saurara. Tabarmarki ce kawai a naɗe jingine da bango.

Shi ya sa na rubuto. Na koma ajinmu, Inna, ko da a bencin baya ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara kamar yadda kika shayar da ni ba ki taɓa gajiya ba. Allah Ya raya takwararki, Ya saka wa Iya Delu da Saratu da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ko na kai Ummi ta ga inda kika tara mata itace. Amin.

Taki har kullum,
Auta